Tsohon Cokali Yana Kama Giwan Ruwa

 Wataƙila wani zai ga kan wannan magana ya yi dariya, ya ce ina Agadas, ina kamun kifi? Gaskiya ne, ba mu da kogi. Telwa takan kawo ruwa da damina, ta yi gudu na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma rairayi. Amma kifi yana shigowa kasuwarmu, da tsada kuwa muke sayensa. Samarinmu kuma suna tafiya cin rani kudu, inda ruwa yake. Duk wanda ya bi hanyar Tawa ya ga tafkin Tabalak, ya ga masu sayar da kifi a bakin hanya. Saurayin da ya isa irin wannan wuri da sana'a a hannunsa ba zai kwana da yunwa ba.

Ban da haka, su ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa tamu. A shekarar 2000 wani masani daga Amurka mai suna Paul Sereno ya shiga Tenere da mutanensa, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da. A wani wuri da ake kira Gobero suka tarar da tsohuwar maƙabarta mai kaburbura wajen 200. Da aka bincika, sai aka gane cewa can da akwai tafki a wurin. Mutanen da suka fara zama a bakinsa, shekara kusan 10,000 da suka wuce, masunta ne. An sami zago da ƙugiyoyi da suka sassaƙa da ƙashi. An sami ƙasusuwan giwan ruwa, da na kada, da na dorina. A 2008 aka bayyana wa duniya wannan bincike. Waɗannan mutane ba su da kanti, ba su da ƙarfe. Da hannunsu suka yi kayan aikinsu. Mu da muke da ƙarfe da waya da maƙera, ba mu da hujjar cewa ba mu iya ba.

Mene ne jan fatsa?

Masuntanmu sun saba da kalli, da birgi, da taru, da mamari, da mali. Akwai kuma fatsa irin ta yara, wadda ake sa wa tana a zauna bakin ruwa ana jira. Wadda za mu yi magana a kanta yau daban take. Ba a zama wuri ɗaya. Mutum yana cikin kwale-kwale yana tuƙi a hankali, ya saki dogon zare a bayansa. A ƙarshen zaren akwai wani abu mai walƙiya da ƙugiya. Abin yana tafe yana rangaji cikin ruwa kamar ƙaramin kifi mai ciwo. Babban kifi ya gani, ya zaci abinci ne, ya kai cafka. Wannan shi muke kira jan fatsa.

Ba kowane kifi ake kamawa haka ba. Karfasa ba ta cika bin ɗan'uwanta kifi da gudu ba, ciyawar ruwa ta fi ci. Kifayen da ke farauta su ake nema: giwan ruwa, da tsage, wani lokaci ragon ruwa ko babbar tarwaɗa. Saboda haka kafin mutum ya wahalar da kansa, ya tambayi masuntan wurin irin kifin da ke cikin ruwansu. Kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550, yana da giwan ruwa da tsage. Akwai kuma tafkunan da aka zuba wa giwan ruwa. Idan ruwa kududdufi ne da ba ya kai wa mutum ƙugu, a bar wannan dabara, a koma ga birgi.

Mu faɗi gaskiya tun da wuri. Jan fatsa ba ya cika kwando kamar taru. Wata rana mutum zai yi tuƙi tun asuba ya dawo hannu wofi. Amma kifin da yake kamawa babba ne, guda ɗaya yakan fi kwano cike da ƙanana kuɗi. Giwan ruwa tana iya wuce kilo 100. A wasan su na Argungu na shekarar 2005, kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. Sa'an nan fatsa ba ta kwashe ƴaƴan kifi. A ganinmu wannan shi ne babban alherinta.

Talakawa ne suka ƙirƙiro ta

Kayan jan fatsa da ake sayarwa a manyan birane daga waje suke zuwa, tsadarsu kuwa ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Abin mamaki, asalinsu ba daga masu kuɗi ba ne. Ana ba da labarin wani Ba'amurke mai suna Julio Buel. Wai yana cin abinci cikin jirgi sai cokalinsa ya faɗa ruwa. Yana kallo cokalin na nutsewa yana walƙiya, sai wani babban kifi ya kai masa cafka. Ya koma gida ya yanke wa wani cokali mariƙi, ya haɗa masa ƙugiya. A 1852 hukumar ƙasarsu ta ba shi takardar shaidar cewa ƙirarsa ce.

Na biyun ya fi kusa da halinmu. Sunansa Lauri Rapala, masunci ne talaka a ƙasar Finlanda. Ya lura cewa idan ƙananan kifaye suna tafiya tare, babban kifi yakan zaɓi wanda ke tangaɗi, wato mai rauni. A 1936 ya ɗauki wuƙa ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi, irin wanda ake toshe kwalba da shi. Ya naɗe shi da takarda mai walƙiya ta alewa. Ya riƙa jan sa a bayan jirginsa, yana gyarawa, har abin ya yi tangaɗi kamar mai rai. Yau sunan Rapala yana kan kayan fatsa da ake sayarwa a ƙasashe masu yawa. Abin da ya yi ba sihiri ba ne. Ya dubi ruwa da kyau, ya yi haƙuri.

Cokali

Mu fara da cokali, domin shi ya fi sauƙi, shi ya fi daɗewa. A nemi tsohon cokali na ƙarfe wanda ba ya tsatsa. Na shayi ya dace da tsage da matsakaicin kifi. Na cin abinci ya dace da giwan ruwa. A guji cokalin sanholo, ba shi da nauyi, kuma yakan tsage a bakin huda. A roƙi uwargida ta bayar da wanda ta daina aiki da shi, kada a ɗauka a ɓoye a jawo rigima cikin gida.

A yanke mariƙin daidai inda ya haɗu da bakin cokalin. A goge wurin yankan da magagari har ya yi sumul. Sa'an nan a yi huda biyu, ɗaya a tsini, ɗaya a wajen da aka yanke. Kowace huda ta yi nesa da gefe kamar faɗin ƙwayar dawa. Idan ta matso gefe ainun, babban kifi zai yaga ta. Idan ta shige ciki ainun, zobe ba zai yi motsi ba.

Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da taurin kai. Mun gwada huda shi da ƙusa da guduma, muka lanƙwasa ƙusa uku, muka lotsa cokalin, huda ba ta fita ba. Nan ne mutumin Agadas ya fi kowa sa'a. Maƙeranmu da ke ƙera zobe da ƴan kunne da sarƙar azurfa sun saba da aikin da ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba. Huda cokali a wurinsu wasa ne. Makanikin babur ma yana da abin huda ƙarfe. Bayan an huda, a goge bakin hudar ciki da waje, domin kaifin da aka bari zai ci zobe a hankali.

Yanzu sai zobe. A sami waya mai tauri, irin wayar ƙafar keke. A naɗa ta sau biyu a jikin babbar ƙusa, a yanke, ta fito kamar zoben da ake rataya makullai. Sau biyu muka ce, ba sau ɗaya ba. Zobe mai naɗi ɗaya yakan buɗe a daidai lokacin da kifin da aka daɗe ana jira ya kama. A sa zobe ɗaya a kowace huda. Ƙugiya tana shiga zoben da ke wajen da ya fi faɗi. Zare yana kama zoben da ke tsini.

Game da ƙugiya, ga shawararmu: a saya. Ana iya lanƙwasa waya a yi ƙugiya, kakanninmu ma sun yi. Amma idan ba maƙeri ne ya ba ta wuta ya shayar da ita ba, ko dai ta miƙe ko ta karye. Ƙugiyar kasuwa ba ta da tsada, ita ce kuwa ke riƙe da dukan wahalar ranar. Faɗin bakinta ya kusa faɗin cokalin. A wasa tsininta da magagari ko dutsen wasa wuƙa. A gwada ta a kan farce. Idan ta kama farcen, ta yi. Idan ta zame, a ƙara wasawa. Wanda ya so yana iya ɗaura ɗan jan zare ko ƴan gashin zabo a gindinta.

A ƙarshe a goge cokalin da toka da tsumma har ya yi ƙyalli. Ruwan tafkunanmu yakan yi duhu da laka, har mutum ya ce kifi ba zai ga komai ba. Kada wannan ya dame ku. Ku dubi gefen kifi, za ku ga wani siririn layi daga kai zuwa wutsiya. Da shi kifi ke jin motsin abin da ke kusa da shi, ko da bai gan shi ba. Rangajin cokali yana kiransa kamar yadda ƙyallin ke kiransa.

Kada a yar da mariƙin da aka yanke. A huda shi sama da ƙasa, a ɗan lanƙwasa kansa gefe ɗaya, gindinsa ɗaya gefen. Ya zama siririn kifi mai kama da kawara. Cokali ɗaya ya ba da abin fatsa biyu ke nan.

Majuyi, waya da zare

Cokalinmu na farko ya koya mana darasi. Mun ɗaura shi kai tsaye a jikin zare muka ja. Ba a daɗe ba zaren ya murɗe, ya dunƙule kamar gashin da ba a taje ba. Rabin yini muka yi muna warwara, daga baya muka yanke muka zubar. Dalili shi ne cokali yakan juya, yana juyawa kuwa yana murɗa zare. Maganin wannan ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai juyawa da kansa. Mu kira shi majuyi.

Ga yadda ake yin sa. A ɗauki waya mai tauri, tsawon yatsa. A yi mata zobe a kai ɗaya, inda zare zai kama. A ɗaya kan a yi ƙaramin zobe matsattse, a lanƙwasa shi ya kwanta. A sami siririyar ƙusa mai kai. A zura mata dutsen ado guda ɗaya, irin na mata, sa'an nan a zura ta cikin ƙaramin zoben nan. Kan ƙusar da dutsen su tsaya a sama, kada su wuce. Sai a kama tsinin ƙusar da awartaki a lanƙwasa shi ya zama zobe. A riƙe sama a murza ƙasa. Idan ƙusar tana juyawa ba ta cijewa, majuyi ya yi.

Tsakanin majuyi da cokali a sa siririyar waya tsawon kamu ɗaya. Wannan saboda tsage ne. Haƙoransa kamar ƙusoshi suke, yana yanke zaren roba da cizo ɗaya. A warware tsohuwar wayar birkin keke ko ta babur, za a ga siraran wayoyi a murɗe. Biyu ko uku daga cikinsu sun isa. A zaɓi waɗanda ba su yi tsatsa ba.

Zaren kansa na roba ne, irin wanda masunta ke saye. Tun da da hannu za a ja shi, kada ya zama siriri, zai yanka yatsa. Mai kaurin milimita 0.7 zuwa 1 ya dace. A auna gaba 30. Za a saki gaba 15 zuwa 20 a bayan jirgi, sauran a ajiye domin kifi ya sami wurin gudu. A sassaƙa ɗan katako tsawon taƙi ɗaya da rabi, a yi masa baki sama da ƙasa, a naɗe zaren a jiki. Rana tana cin zaren roba, saboda haka a adana shi cikin inuwa.

Zaren roba yana da santsi, ƙullin da muka saba yi wa igiyar akuya ba ya riƙe shi. A zura bakin zaren cikin zobe. A naɗa shi sau 6 a jikin dogon zaren. A dawo da bakin a zura shi cikin ɗan ramin da ke kusa da zobe. A jiƙa da miyau, a ja a hankali har ya matse. A koyi wannan ƙulli a gida da rana, kafin a nemi yin sa cikin jirgi da duhun asuba.

Nauyi: a nisanci dalma

Idan ruwa ba shi da zurfi, nauyin cokali ya isa. Idan da zurfi, kamar a kogi, ana ƙara nauyi gaba ɗaya kafin cokali. A nan muke so mai karatu ya natsu.

Mutane da yawa sukan fasa tsohon batir na mota, su narka dalmar ciki a kan murhu, su zuba nauyin koma ko na fatsa. Wannan aiki yana kisa. Dalma guba ce. Hayaƙinta da ƙurarta suna shiga jiki ta hanci da baki. Babba yakan yi ciwon ciki da ciwon kai da kasala. Yaro ƙarami kuwa, wanda ke rarrafe yana sa hannu a baki, ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Yana iya yin farfaɗiya, yana iya mutuwa. Wanda ya rayu ma yakan tashi da wuyar fahimtar karatu. A wata unguwar masunta da ake kira Caroy, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda dalmar tsofaffin batura. A Zamfara ta Nijeriya, a 2010, yara kimanin 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Mu da muke da masu haƙar zinariya a jiharmu, wannan labari ya shafe mu ta fuska biyu.

Babu wata larura da za ta sa a taɓa dalma. Babban noti na mota yana aiki. Tsohon buji na babur yana aiki, a wanke masa mai, a danne ɗan ƙarfen bakinsa ya zama zobe. Dutse mai tsawo da aka yi wa tsaga ma yana aiki. A rataya nauyin da zare marar ƙarfi, tsawon taƙi ɗaya. Idan ya maƙale a ƙasa, shi kaɗai zai tsinke, cokali ya tsira.

Ɗan kifin itace

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya bin sawun Rapala. A sami busasshen itace marar nauyi. Busasshiyar tumfafiya tana da sauƙi, amma a kiyayi ɗanyarta, domin nononta yana ɓata ido. A sassaƙa siffar kifi tsawon yatsa da rabi. A tsaga cikinsa daga baki zuwa wutsiya, a kwantar da waya guda mai zobe uku: na baki domin zare, na ciki da na wutsiya domin ƙugiya. Ko itacen ya fashe, kifi yana nan a jikin waya. A ƙarƙashin baki a yi tsaga, a soka ɗan gwangwani mai faɗin farcen babban yatsa, ya karkata ƙasa. Shi ke sa ɗan kifin ya nutse yana kaɗa jiki. A liƙa masa takarda mai walƙiya ta fakitin shayi, wadda ba ta yi mana wuyar samu a nan. A shafa masa fenti mai hana ruwa shiga. Idan aka ja shi ya karkata gefe ɗaya, a ɗan lanƙwasa zoben baki zuwa ɗaya gefen, a sake gwadawa.

A kan ruwa

Kowane ruwa yana da masu shi. Kafin baƙo ya jefa zare, ya je ya gai da sarkin ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya kuma je wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji ya karɓi takardar izinin su. Dalilin gaisuwar nan ba ladabi kaɗai ba ne. Masuntan wurin sun shimfiɗa kalli da mamari cikin ruwa. Mai jan fatsa da bai san inda suke ba zai yaga wa wani komarsa, daga nan sai faɗa. Su ne kuma suka san inda rami yake, da inda dorina ke kwana. A tafkin Cadi da Komadugu, rashin tsaro da ya fara a jihar Difa a 2015 ya wahalar da masunta ƙwarai. Kada kowa ya nufi can sai ya ji daga bakin hukuma da mutanen wurin.

Mutum biyu suka fi dacewa da jirgi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da zare. Kafin a saki zare, a sa cokalin cikin ruwa kusa da jirgi a duba. Idan yana rangaji hagu da dama, tafiyar ta yi daidai. Idan yana juyawa kamar mazari, an cika sauri. Idan ya kwanta kamar matacce, a ƙara tuƙi. Yawanci saurin da ake so bai wuce na mai tafiya kasuwa a ƙasa ba. Lokaci mai kyau shi ne daga asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. A bi gefen ciyawa, da kusa da itatuwan da ruwa ya ci, da inda ƙasa ta gangara zuwa zurfi. Nan manyan ke laɓewa. Masu magana sun ce kifi na ganinka mai jar koma, saboda haka a rage surutu da buga filafili a jikin jirgi.

Kada a naɗa zare a yatsa, ko a hannu, ko a ƙafa. Giwan ruwa idan ta fizga tana iya yanka nama har ƙashi, tana iya jawo mutum cikin ruwa. A riƙe zaren da tsumma. Wanda yake shi kaɗai ya yanko robar cikin taya tsawon kamu ɗaya, ya ɗaura kai ɗaya a jikin jirgi, ɗaya a jikin zaren. Robar za ta sha fizgar farko. Idan kifi ya kama, kada a yi kokawa da shi. Ya ja, a sakar masa. Ya tsaya, a jawo. Da ya gaji zai kwanta a gefensa. Sa'an nan a ɗauke shi da ƙaramar koma ko zago. Zaren da aka jawo a tara shi nesa da ƙafafu.

Yawancinmu mutanen tudu ba mu iya iyo ba, ba kuwa abin kunya ba ne a faɗa. Masuntan Kabi suna da gorarsu. Mu sai mu sami jarka mai murfi, wadda babu komai ciki, mu ɗaura mata igiya, ta zauna kusa da hannu. Idan hadari ya taso, a fita daga ruwa nan da nan.

Lafiyar masunci

Idan ƙugiya ta shiga nama har ƙayarta ta ɓace, kada a fizge ta baya, za ta yaga wurin. A yanke zaren, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita. Idan kusa da ido ne, kada kowa ya taɓa. A tambayi likita allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, wanda suke kira tetanos. Haka nan idan ƙayar tarwaɗa ko ta kurungu ta yi suka mai zurfi. A gida kuma a soke ƙugiyoyi a jikin guntun takalmin soso, a sa cikin gwangwani mai murfi, a ɗora inda yara ba su kai.

Sai tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga ƙananan katantanwa. Daga nan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito, su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Bayan wani lokaci sai jini cikin fitsari. Wasu suna ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, idan an bar shi yana ɓata mafitsara da ƙoda. Yana da magani, ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana ba da ita gwargwadon nauyi ko tsawon mutum. Mai jan fatsa yana cikin jirgi, ya fi mai birgi tsira, amma wajen shiga da fita yana taka ruwan gefe inda katantanwa suke. Ya rage daɗewa a wurin. Kada kuma ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa.

Abu biyu muke roƙo a bari har abada. Na ɗaya, zuba maganin ƙwari ko wata guba cikin ruwa domin kifi ya taso. Dokar su ta ƙasarmu ta 1998 ta hana, hanin kuwa yana nan. Ruwan da aka zuba wa guba shi mutane da dabbobi ke sha. Na biyu, yin koma da sange. An raba sange ne domin ya tsare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, yana kwashe har ƙwan kifi.

Bayan an kama

Ƙaramar giwan ruwa da ba ta kai kamu ɗaya ba, a zare mata ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu a mai da ita ruwa. Ba ta kai haihuwa ba tukuna. Wadda za a ɗauka, a farke cikinta nan take, a cire hanji da matsatsin wuya, a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu cikin inuwa. Zafin ƙasarmu ba ya jira. Kifin da aka kama da asuba aka bari a rana, kafin azahar ya fara wari.

Wanda zai kawo kifi Agadas daga nesa, in ba shi da ƙanƙara, sai gishiri ko banda. Gishiri kuwa namu ne, ayari na kawo shi daga Bilma da Faci. A yanka babban kifi filla-filla, kaurin yatsa biyu, a shafe da gishiri, a shanya a kan raga sama da ƙasa inda iska ke bi. Kada a fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don tsoron tsutsa. In ya bushe sarai, aka adana shi wuri marar laima, ana sake shanya shi lokaci lokaci, zai daɗe.

Kada a sayar da kamun duka. A ware na gida. Kifi yana gina jiki kamar nama, yana da amfani ga mai ciki da mai goyo. Da yawa daga cikin ƴan'uwanmu makiyaya ba su saba cin sa ba, ba kuwa a tilasta wa kowa. Amma uwar da ta samu, tana iya ba yaronta tun daga wata 6, lokacin da ya fara cin abinci tare da nono. Giwan ruwa ta dace da wannan domin tsokarta tana da yawa, ƙananan ƙayoyinta kaɗan ne. A dafa ta sarai, a bi tsokar da yatsa a cire duk wata ƙaya, a murmushe ta cikin kunu ko miya.